Awon Da Ke Bayan Kabad

Shafi na 9

Masu cewa na ja labarin kicin ɗin nan kamar ni ce kafintan, na ji ku. Ita kuma baiwar Allahn da ta rantse a ƙarƙashin shafi na takwas cewa layu aka binne a bayan kabad ɗin, ki gyara zama da kyau, yau za ki ji kunya.

*

Kwana huɗu ke nan gidan marigayi Malam Abarshi da ke Samaru bai yi kama da gidan mutane ba. Tukwane a falo, turmi a bayan kujera, kwanuka jibge cikin bahon wanki. An fito da risho baranda, ga damina, da hadari ya taso sai a kwashi tukunyar miya a guje. Kyankyasan da suka yi shekara ashirin da shida suna zaman lafiya a bayan katako kuwa, an tashe su babu sanarwa, kowane ɗaki ya samu rabonsa.

Idan kafinta ya ce miki kwana uku, ki tanadi haƙurin wata guda. Tabita, 'yar gidan, ba ta san wannan ba sai da ta shiga ciki.

Ita dai niyyarta mai kyau ce. Likita a asibitin Shika ya ce ciwon bayan mamanta, Mama Rifkatu, ba zai lafa ba muddin tana girki a sunkuye, kabad ɗin kicin ɗinsu kuwa da kaɗan ya wuce cinyar Mama. Doguwar mace ce sosai. Marigayi ma dogo ne, Gabriel ƙanen Tabita sai ya duƙa yake shiga ƙofar kicin. Tabita kaɗai ce 'yar guntuwa a gidan, har 'yan ajin da take koyarwa sun fi ta tsawo. Da aka yi hutun makaranta na watan Agustan 2006 sai ta je Sabon Gari ta ɗauko kafintan da kowa ke yabo, Baba Oluwole, don a yi wa Mama sabon kabad daidai tsawonta.

Maimakon godiya, Mama na ganin fuskar mutumin ta miƙe ta shige ɗaki. Magana ɗaya ta yi wa Tabita a ranar:

"Ranar da aka ɓalle kabad ɗin nan, ranar za ki daina kirana Mama."

Tun daga nan ba ta ƙara cewa komai ba. Tabita ta ɗauka rigimar tsufa ce, amma maganar ta zauna mata a ƙirji ta ƙi tashi.

Shi kuma Baba Oluwole ya cire na sama, ya cire na gefen ƙofa, da ya zo kan babban da ke gindin taga sai ya tattara kayan aikinsa ya ce zai dawo. Kwana biyu ko ƙeyarsa.

Shi ya sa da safiyar Alhamis Tabita ta shiga bas sai Sabon Gari, ranta a ɓace.

Shagon a buɗe yake, babu mai shi. Kusa da shi akwai rumfar wata mata 'yar ƙabilar Ibo mai sayar da agushi da busasshen kifi. Gajeruwa ce, furfura ta fara leƙowa ta gefen ɗankwalinta. Ranar farko da Tabita ta zo ma ta gan ta, ta kuma lura matar ta bi ta da kallo har ta sha kwana.

"Sannu, nne," in ji matar, irin kiran da Ibo ke yi wa mace. "Oga Wole ya leƙa wajen masu yankan katako. Zauna, yanzu zai dawo."

Ta jawo mata benci, ta miƙo mata ruwan leda da hannun hagu. Tabita ma ba ta ankara ba ta karɓa da hagu. Suka dubi hannayen, suka dubi juna, sai dariya.

"Ke ma?" in ji Tabita.

"Tun ina yarinya. An dake ni har aka gaji."

"Ni a firamare har ɗaure min shi aka yi a baya."

Dariyar matar ta ɗauke. "Wa ya ɗaure miki?"

"Wani malami ne. Mama ta je makarantar ta tayar musu da hankali, ba a ƙara ba."

Matar ta gyaɗa kai a hankali. Ta ɗauki gwangwanin awo, ta ajiye, ta sake ɗauka.

"Ke ce ta Samaru? Gidan da ake gyaran kicin?"

"Ni ce."

"Har an fara cirewa?"

"An kusa gamawa ma. Saura na gindin taga."

"Mamanki ce ta ce a kira shi? Ita da bakinta ta ce Oluwole?"

To ku gaya min, wa zai zauna a tsakiyar kasuwa yana gaya wa baƙuwar fuska cewa uwarsa ta yi kwana huɗu ba ta yi masa magana? Tabita dai ba za ta iya ba.

"Eh, ita ce," ta ce. "Aikin Mama ne."

Matar ta juya baya kamar tana neman wani abu a cikin buhu, ta daɗe a haka. Da ta juyo sai ta zaɓi manyan kifi biyu ta naɗe a jarida, ta ɗora wa Tabita a cinya.

"Kai wa Mamanki. Ki ce mata na ji."

"Kin san ta ne?"

"Ki ce mata kawai na ji."

Tabita ta buɗe baki za ta ƙara tambaya, sai ga Baba Oluwole ya ɓullo, fensir a bayan kunne, tef ɗin awo a aljihun gaba. Dattijo ne ɗan shekara sittin da wani abu, a Sabon Gari aka haife shi, Hausa a bakinsa ba za ki ce Bayarabe ba ne. Tabita ta tura kifin cikin jaka ta bi shi cikin shago, abin da ya kawo ta ya dawo mata sabo.

"Baba, ina kwana. Baba, haka ake yi? A falo muke tsallake tukwane."

"Lafiya lau, 'yata. Ga katakonki can, madaci ne, ya bushe sarai. Ga fomaikar da za a manna a samansa. Komai ya haɗu."

"To a yanka mana."

"Ban auna Madam ba."

"Ai kun auna kicin ɗin. Bango huɗu kun auna, har taga."

"Bango ne zai yi girkin?"

Ya zaro tef ɗin ya ja shi kaɗan, ya sake shi ya koma.

"Maigidana da ya koya min aiki, Allah ya ji ƙansa, bai taɓa ɗora zarto a kan katakon kicin ba sai ya auna matar gidan. Daga ƙasa zuwa gwiwar hannunta. A cire inci huɗu, nan ne tsawon kabad. Sannan a tambaye ta da wane hannu take riƙe wuƙa. A kan haka na taso, a kan haka zan mutu."

"To ku yi da ƙiyasi mana. Kun gan ta ai."

"Ƙiyasi na masu yin benci ne."

"To na gindin tagar fa? Shi ma sai an auna Mama kafin a cire shi?"

Baba ya sosa ƙeya, ya gyara fensirin da babu abin da ya same shi.

"Wancan, da dai an ƙara tambayar Madam."

"Baba, na tambaya har na gaji. Ruwa na tsiyaya a ƙarƙashinsa, gara ta cinye ƙafarsa, jiya da na taɓa shi motsi yake. Yau za a cire shi. In ba za ku cire ba, zan nemi wanda zai zo da guduma ya farfasa."

"A'a," ya ce da sauri. "Kada a farfasa shi. Mu je."

A cikin akori-kurarsa, tun daga Sabon Gari har suka wuce Kwangila, Baba bai ce uffan ba. Tabita na satar kallonsa. Me ke cikin tsohon katakon nan da ya sa dattawa biyu suka koma kurame? Ta rantse a ranta yau ba za ta kwanta ba sai ta sani.

Sun tarar da Mama a baranda tana gyaran wake a faranti. Baba ya cire hula ya gaishe ta. Ta amsa a ciki, ba ta ɗago ba.

Kicin ɗin ya zama kango. Inda aka cire sauran kabad ɗin bango ya fito da tsohon fenti kore, ga ramukan ƙusa, ga hanyar gara ta hau har silin. Na gindin tagar kaɗai ke tsaye. Tabita ta dafa shi da hannu biyu.

"Baba, don Allah wane irin kafinta ne ya yi wannan shirmen? Kamar don yara aka yi shi."

"Ba shirme ba ne."

"Ku duba fa. Ga shi a ƙasa, ga murafen duk a juye suke buɗewa, durowar wuƙaƙe tana hagu. Kullum Mama sai ta zagaya hannu."

"Ke fa?"

"Ni me?"

"Ke ya taɓa ba ki wahala?"

Tabita ta tsaya. Ta dubi hannayenta a kan katakon, kafaɗunta a sake, bayanta a miƙe. Ta miƙa hagu ba tare da ta duba ba, sai ga ta a kan hannun durowar. A gidan ƙawayenta sai ta yi ɗage take yanka albasa, a makaranta har kujera ta taɓa takawa don ta tuƙa tuwo. A nan kuwa ko sau ɗaya. Shekara ashirin da shida, ba ta taɓa tambayar kanta dalili ba.

"Ku cire shi, Baba," ta ce, muryarta ta canza.

Ya rufe ruwa daga waje, ya kwance bututun da ke tsiyaya, ya sa ƙarfe ya dinga ɗaga ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya, a hankali kamar mai cire ƙaya daga ƙafa. Ya ɗauki kusan awa guda. Da kabad ɗin ya saki bango, ƙasa ta zubo, wani tsohon cokalin Gabriel da aka yi ta nema tun yana yaye ya faɗo. Falankin baya ya rabu da sauran. Baba ya yi wuf ya ɗauke shi ya jingina da bango, fuskarsa a ciki.

Da ya bar shi a ƙasa, wataƙila Tabita ba za ta kula ba. Saurin da ya yi ne ya tona shi.

"Me ke jiki?"

"Datti ne, 'yata."

"To bari in ga dattin."

Ta juya falankin. Rubutun fensir ne, manya-manyan baƙaƙe, da Turancin masu sana'a. Duhu da rashin taɓawa sun adana shi kamar jiya aka yi. Ta karanta a bayyane tana mayar da shi Hausa:

"Madam Clementina Abarshi. Gwiwar hannu, inci talatin da shida. Kabad, talatin da biyu. Bahaguwa. Juna biyu wata biyar, a kashe kaifin kusurwa saboda ciki. Nuwamba 1979."

A ƙasa an sa hannu: Oluwole.

Ta ɗago ta dube shi.

"Ku kuka yi shi."

"Ni na yi. Aikina na farko bayan maigidana ya sallame ni. Duk kabad ɗin da na taɓa yi, akwai sunan mai shi a bayansa."

"Wace ce Clementina?"

Ya dubi ƙasa.

Tabita malamar lissafi ce, ba ta buƙatar takarda. Wata biyar a Nuwamba. Disamba, Janairu, Fabrairu, Maris. Katin baftismarta yana cikin akwatin Mama, ta san abin da ke jiki: Maris 1980.

Ta miƙa hannu ta zare tef ɗin daga aljihun Baba. Ta taka bakinsa da ƙafa, ta ja shi sama zuwa gwiwar hannunta ta hagu. Ta duba. Ta sake dubawa.

Talatin da shida.

"Ba sai kin auna ba."

Mama ce a bakin ƙofa, farantin waken har yanzu a hannunta, ta ɗan ranƙwafa kamar yadda ta saba. Tabita ta ji tsoro irin wanda ba ta taɓa ji ba, ta kuma ji wani son sani da ya fi tsoron ƙarfi.

"Wace ce ita?"

"Ita ta haife ki."

Baba ya ɗauki hularsa zai fita, Mama ta ce, "Zauna, Oluwole. Kana nan aka fara, ka tsaya a ƙarasa."

Ta jawo bokiti ta kife ta zauna a kai, ta ajiye farantin.

"Ƙawata ce. Tare muke cikin mawaƙan coci. Babanku ya aure ta danginta ba su so ba, nasa ma ba su so ba, ni ce na riƙe mata fure ranar auren. Wannan kicin ɗin shi ne kyautar da ya yi mata da ta samu cikinki. Ranar da aka gama shi ta aiko a kira ni, ta dinga buɗe murafen tana rufewa tana dariya, ta ce yau an yi abu ɗaya a duniya don bahaguwa."

"Ta mutu ne?"

"Bari in kai wajen. Kina da sati uku a duniya ciwo ya kama ta. Ba na jiki ba, na kai. Ba ta barci, ba ta gane mutane, in kin yi kuka sai ta toshe kunne ta shige ƙarƙashin gado. An je asibiti, an yi addu'a. 'Yan'uwanta suka zo daga can ƙasarsu suka tafi da ita, suka ce auren ne bai karɓe ta ba, suka mayar wa babanku da kayan aurensa. Ya bi su sau biyu, ko ganinta ba su bari ya yi ba. Ke kuma aka bar ki a hannuna da gwangwanin madara."

"Shi ya sa ya aure ki."

"Sai bayan shekara uku. Lokacin kin riga kin fara kirana Mama, babu wanda ya koya miki. Ni kuma ban hana ki ba. Wannan laifina ne, na kuma ji daɗinsa, ba zan yi miki ƙarya ba."

Tabita ta zame ta zauna a ƙasa cikin ƙurar katako. Ba ta yi kuka ba tukuna. Tambayoyi ne cike da bakinta, ta rasa wadda za ta fara fitarwa.

"To me ya hana ki cire kabad ɗin tun tuni? Da kin cire ai da babu wanda zai sani. Kin zauna kina karya bayanki a kan katakon wata."

"Ta dawo."

"Ta dawo?"

"Kina da shekara shida. Ta warke sarai. Da rana ta shigo, babanku na wajen aiki a Shika. Nan ta tsaya, inda kike zaune. Kika shigo da gudu kin faɗi kin kurje gwiwa, kika wuce ta ko kallo, kika rungume ƙafata kina Mama, Mama. Na ga fuskarta a ranar. Har in mutu ba zan manta ba."

Mama ta goge ido da bakin zani.

"Na ce mata ga 'yarki, in za ki ɗauka ba ni da bakin hanawa. Ta ce a'a. Ta ce yarinyar da aka taɓa raba ta da uwa sau ɗaya, ba za a ƙara raba ta da wata ba. Ta ce abu ɗaya take roƙo, kada in canza kicin ɗin nan. Ta ga kin ɗauki kofi da hagu. Ta ce tsawonta za ki yi, ki samu wuri ɗaya a gidan dogaye da aka yi shi daidai ke."

Nan hawayen Tabita suka zubo.

"Sannan muka yi alkawari," in ji Mama. "Ta ce ba za ta zo ba, ba za ta aiko ba, ba za ta tare ki a hanya ba. Ranar da na ga kin isa ki ji, kuma zuciyata ta iya ɗauka, in aika a kira Oluwole ya cire kabad ɗin. Shi ne alamar. Ta ce in ta ji an cire, za ta san na kira ta."

"Shekara ashirin ke nan, Madam," in ji Baba a hankali.

"Na sani. Da kika gama sakandare na ce bari ki gama jami'a. Da kika gama na ce bari ki fara aiki. Da babanku zai rasu ya ce Rifkatu, ki gaya mata, na ce to. Duk shekara sai in samo dalili. Tsoro nake ji, Tabita. Na gwammace ciwon bayan."

"Ni da na ga yarinyar nan a shagona ta ce gidan Malam Abarshi," in ji Baba, "na zaci ke kika aiko ta, har na gode wa Allah. Sai da na zo na ga fuskarki na gane a cikin kafintocin Sabon Gari duka, ƙafarta ce kawai ta kawo ta wajena. Shi ya sa na tsaya a kan na gindin tagar."

Mama ta dubi Tabita, ta haɗa hannayenta a cinya kamar mai jiran hukunci.

"To kin ji. Yanzu kin san abin da nake nufi ranar nan."

Tabita ta daɗe tana kallon falankin. Sannan ta dubi matar da ke zaune a kan bokiti, da bayan nan da ya lanƙwashe, ta tuna tuwo nawa aka tuƙa a sunkuye, wanke-wanke nawa, ta tuna ranar da matar nan ta ɗaura ɗamara ta je firamare a kan hannun hagun da ba nata ba ne.

Ta miƙe, ta kakkaɓe siket, ta ɗauki tef ɗin.

"Tashi tsaye."

"Tabita..."

"Tashi, Mama. Baba ya ce ba zai yanka katako ba sai an auna matar gidan. Ni kuma na gaji da tsallake tukwane."

Mama ta dube ta kamar ba ta ji daidai ba. Ta dafa bango ta miƙe. Tabita ta durƙusa ta danne bakin tef ɗin a ƙasa kusa da ƙafarta, ta miƙa wa Baba ɗaya ɓangaren.

"Miƙe bayanki sosai, Madam," in ji Baba. "Lanƙwasa hannun. Yauwa. Arba'in da uku."

"Ku rubuta," in ji Tabita. "A bayan sabon. Madam Rifkatu Abarshi. Hannun dama."

Mama ta sa hannu ɗaya ta rufe fuska, kafaɗunta na rawa. Tabita ta jingina kai da ƙafarta kamar yadda take yi tana ƙarama. Da a nan aka tsaya, da kowa ya sha ruwa ya kwanta da daɗi.

Sai Tabita ta ɗago.

"Tana ina yanzu? Ta koma garinsu?"

Mama da Baba suka dubi juna.

"Ba ta koma ba," in ji Baba. "Ta ce ba za ta iya nisa ba. Ta nemi rumfa inda in an zo kirana za ta gani da idonta. Shekara ashirin, duk wanda ya shigo shagona sai ta tambaye ni daga wace unguwa yake. Wannan karon na ce mata aikin wani gida ne daban, don in samu in ji ta bakin Madam tukuna."

Tabita ta jawo jakarta da ke rataye a ƙofa, ta fito da ƙunshin jaridar. Warin busasshen kifi ya cika kicin ɗin.

"Mai agushi," ta ce. "Ta kusa da shagonku."

Baba ya ajiye fensir. "Kun yi magana?"

"Ta tambaye ni ko Mama ce ta ce a kira ku."

"Me kika ce mata?"

"Na ce eh."

Mama ta dafa bango.

"Kunya na ji," in ji Tabita. "Ban san komai ba. Ta ba ni wannan ta ce in kawo miki, in ce miki ta ji."

A waje aka ji ƙarar babur ya tsaya, aka ji ya juya ya tafi. Ƙofar gidan a buɗe take tun da aka shigo da kayan aiki. Takun takalmi ya ratso tsakar gida a hankali, bai yi ɓatan kai ba, bai nufi falo ba, ya biyo ta baranda kai tsaye kamar ƙafar ta san hanya.

"Gafara dai, masu gida."

Ta canza kaya. Zani biyu na zuwa coci, farar riga, ɗankwali an kafa shi da kyau. Ta tsaya a bakin ƙofar kicin ɗin, ba ta buƙatar duƙawa. Idonta ya fara sauka a gindin taga inda babu komai sai tsohon fenti, sannan a kan falankin da sunanta ke jiki, sannan a kan tef ɗin da har yanzu ke rataye a gwiwar hannun Rifkatu.

"Rifkatu," ta ce. "Na gode da kika kira ni."

Mama ta sunkuyar da kai.

Tabita na durƙushe a tsakaninsu, ba ta san lokacin da kalmar ta kuɓuce mata ba.

"Mama..."

Duk su biyun suka juyo. Babu wadda ta amsa.